Daga Kwangila zuwa bakin teku: yadda za ka shirya hutu a Badagry

Ranar da na gaya wa mahaifiyata cewa zan kwashi iyali mu tafi Badagry, tambayar farko da ta yi mini ita ce, "Wa ya rasu?" Na ce babu kowa. "To biki ne?" Na ce a'a Inna, hutu ne kawai, za mu je mu ga teku. Ta dube ni, ta dubi Maman Ummi, ta ce, "Allah Ya shirye ku. Mutum da gidansa da lafiyarsa ya ɗauki kuɗi ya miƙa wa direba don ya ga ruwa? Ga Kubanni nan, in bai ishe ku ba ku ƙarasa dam ɗin Shika."

Ban ga laifinta ba. Mu nan Zariya ba mu san tafiya sai da dalili: gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure, fatauci, neman ilimi, ko sauke farali. Ni kuwa malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, na shekara goma sha ina zana wa ɗalibai gaɓar teku da alli a kan allo, ina yi musu bayanin igiyar ruwa kamar tare muka tashi da ita, alhali ko ɗan yatsana bai taɓa shiga ruwan gishiri ba. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da kwasar adashinmu na makaranta ta zo kaina, sai na ce bana kam ba fenti, ba sabuwar katifa, teku za a gani. Muka tafi mu huɗu, ni da Maman Ummi da Ummi mai shekara goma sha huɗu da Abba mai tara. Tun da muka dawo abokan aiki ke tare ni a ɗakin malamai suna tambayar yadda aka yi, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Me ya sa Badagry?

Ƙaramin gari ne a ƙarshen yammacin jihar Legas, dab da iyakar Seme inda ake shiga Jamhuriyar Benin. Mutanensa na asali Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, tare da Yarabawan Awori, sarkinsu kuma ana ce masa Akran. Ba ya buƙatar fasfo, ba ya buƙatar canjin kuɗi, kuma wuraren da za ka gani kusan duk suna jere ne a kan titin Marina da kewayensa, ƙafa ma ta isa. Ga mai iyali wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi jan hankalina. Hanyar Badagry zuwa Zariya tsohuwar hanya ce. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdullahi, daga Badagry ya taso a watan Disamba na 1825 a tafiyarsa ta biyu. Ya ratsa tsohuwar Oyo, ya haye Kwara a Busa, ya iso Zariya a watan Yuli na 1826, ya wuce Kano, daga nan Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya mutu a watan Afrilu na 1827. Yaronsa Richard Lander ne ya kwaso takardunsa ya koma Badagry. Wata bakwai suka yi a tafiyar da kai za ka yi cikin kwana ɗaya da yini. Kuma ba Turawa kaɗai suka bi hanyar ba. Fatake sun bi ta, bayi ma sun bi ta a ɗaure, cikinsu har da masu jin yarenmu. Wannan maganar tana tafe.

Lokacin tafiya da yawan kwanaki

Kada ka auna daminar can da tamu. Ruwansu yana farawa tun wajen Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Hanyar Badagry kuwa in ta sha ruwa sai addu'a. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mai 'ya'ya a makaranta kusan dole hutun Disamba zai zaɓa, kamar yadda muka yi, to amma a tashi a makon farko na hutun. In ka bari Kirsimeti ta matso, kuɗin mota zai haura, masauki zai cika, bakin teku kuma ya koma kamar kasuwar Sabon Gari ana jajiberin salla.

Wani abin da ban shirya masa ba duk da ni nake koyar da shi: mun bar Zariya cikin hunturu, da rigunan sanyi da man leɓe, Abba har da hular sanyi. Muna wuce Ibadan muka fara tuɓewa. A Badagry iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa a jiki, wankin da ka shanya da safe sai ka same shi da danshi da la'asar. Ka ɗauki kaya marasa nauyi na auduga, shadda mai sitaci ta zauna a gida. Rigar sanyi guda ɗaya ta isa, saboda daren farko a mota da kuma ranar dawowa.

Kwanaki kuwa, ga lissafina: biyu na zuwa, uku a garin, biyu na dawowa. Mako guda ke nan. Wanda ya ce maka zai yi ta a ƙarshen mako, ko dai jirgin sama zai hau daga Kaduna ko Abuja, ko kuwa zai je ya taɓa bango ne ya juyo. Babbar shawarar da zan ba ka a duk rubutun nan ita ce ka kwana a Badagry ɗin kanta. Da yawa sukan sauka wajen ɗan'uwa a Agege ko Idi Araba su ce za su yi jeka-ka-dawo. A taswira tazarar ba ta kai Zariya zuwa Kaduna ba, amma cunkoson hanyar zai iya cinye maka rabin yini. Sai ka isa rana ta take, yara sun galabaita, ka leƙa gida ɗaya ko biyu a gurguje, ka fara duban agogo.

Kuɗi da guzuri

Ba zan rubuta farashi ba, domin kafin ka gama karantawa ya canza. Zan dai gaya maka yadda namu ya rabu. Kusan rabi kuɗin mota ya cinye, zuwa da dawowa. Masauki ya bi baya, sannan abinci. Kuɗin shiga gidajen tarihi da na kwalekwale bai taka kara ya karya ba, sai dai kowane gida da nasa kuɗin, kowane ɗan jagora kuma yana sa ran ɗan abin goro. Bayan ka gama lissafi ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ka ba uwargida ta ɓoye inda kai ma ba ka sani ba. Kuɗin dawowa kuma a ware shi tun daga gida, kada a taɓa shi ko da Ummi ta ga sarƙar wuri ta yi ta marairaicewa.

Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Masu POS suna nan, tiransifa ma tana yi, amma mai kwalekwale da mai sayar da kwakwa ba za su tsaya jiran sabis ya dawo ba.

Katin shaida wajibi ne ga kowane babba, katin ɗan ƙasa ko takardar NIN ko lasin tuƙi, yara kuma a ɗauko musu katin makaranta. Dalili yana gaba.

Guzuri kuwa, nan Maman Ummi ta fi ni gaskiya. Na ce mata ai ba daji za mu ba, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta yi dambun nama, ta soya cincin, ta ƙulla yaji da garin kunu, ta sa kilishi da dabino da fulas biyu. Da motarmu ta lalace cikin dare a wani wurin da ko mai shayi babu, dambun nan shi ya rufa mana asiri, har da wata baiwar Allah mai goyo da ke kujerar bayanmu. Ka haɗa da maganin zazzaɓi, da gishirin gudawa na yara, da man shafawa na korar sauro. In kana da gidan sauro mai naɗewa, jefa shi a jaka. Buta ƙarama da darduma ba sai na faɗa ba.

Hanya

Daga Zariya akwai manyan bas-bas na Legas da ke lodi a Sabon Gari, akwai kuma ƙananan motoci a Kwangila, wasu kai tsaye, wasu sai ka canza a Kaduna. Ka je da kanka kwana biyu kafin tafiya, ka ga motar da idonka, ka dubi tayoyi, ka yanki tikiti ka zaɓi kujera. Kada ka tura yaro, kada kuma ka yarda da ɗan kamashon da zai ce "saura mutum biyu mu tashi". Mu an ce mana ƙarfe biyu na rana, ba mu bar tasha ba sai bayan la'asar sakaliya.

Hanya biyu ce. Akwai tsohuwar, ta Kaduna zuwa Tegina, Mokwa, a haye gadar Jebba, a bi Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Akwai ta Abuja da Lakwaja da Okene, wadda ta fi zagaye. Wadda za a bi ta danganta da halin tsaro da lafiyar titi a wannan makon, kuma ba wanda ya fi direbobin da suka dawo jiya sanin wannan. Ka zauna a benci wajen mai shayin tasha ka tambaye su. In da hali ka raba tafiyar, a kwana a Ilori ko Ibadan, musamman in akwai ƙananan yara ko tsoho. Wanda ya kwana a Ibadan yana iya hawa jirgin ƙasa daga tashar Moniya zuwa Ebute Metta a Legas, layin da aka buɗe a 2021. Mu a dawowa muka hau shi, kuma har yau in ka tambayi Abba abin da ya fi burge shi, jirgin yake fara ambata kafin teku.

In ka shiga Legas, inda kake nema shi ne Mile 2. Daga nan motocin Badagry ke tashi. Wanda ya sami kansa a tsibirin Legas yana iya hawa jirgin cikin gari daga Marina ta Legas (ba ta Badagry ba) zuwa Mile 2, wanda ya fara aiki a 2023. Daga Mile 2 hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya: Festac, Iyana Iba kusa da jami'ar jihar Legas, Alaba Rago inda za ka ji Hausa ta ko'ina kamar kana Tudun Wada, Okokomaiko, Agbara, har shataletalen Badagry. Ka yi ƙoƙari ka bar Mile 2 da sassafe. Ka tambayi kuɗin mota kafin ka sa ƙafa, ka riƙe canji, jakar kuɗi kuma a gaba, ba a aljihun baya ba.

Daga Agbara zuwa gaba za ka fara ganin shingaye. Hanyar iyaka ce, don haka kwastan da jami'an shige da fice da 'yan sanda duk suna kanta, wani shingen kana hango na gabansa. Nan katin shaida zai yi maka rana, domin mai kama da mu akan so a tabbatar ɗan ƙasa ne ba baƙo daga maƙwabta ba. A wani shinge an sauke ni, jami'in ya juya katina gaba da baya, ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce yawon buɗe ido. Ya dubi hulata, ya dubi buhun guzurin Maman Ummi, ya yi dariya ya miƙo mini katin. Shi ma, kamar Inna, bai gamsu ba. Kada ka yi gardama, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai.

Masauki

Akwai ƙananan otal-otal a cikin gari, akwai kuma wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a wajen gari, irin Whispering Palms da ke Iworo, waɗanda suka fi tsada. Ni na fi son cikin gari kusa da Marina, saboda da asuba kana iya fita da ƙafa ka ga masunta suna dawowa.

Kada ka biya kuɗin kwana uku a dunƙule ta waya saboda hoton da ka gani. Mun yi wannan kuskuren a daren farko. Ɗakin da ke hoto daban, wanda aka buɗe mana daban, ga mashaya a ƙarƙashin tagarmu ana kiɗa har ƙarfe biyun dare, ga janareta da aka kashe tun sha biyu. Maman Ummi ba ta ce komai ba, ta dai ce, "Malam, gobe ni zan zaɓa." Ita ta zaɓa kuwa. Abin da ta tambaya a wuri na biyu shi ne abin da za ka tambaya: ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? Famfo yana kawo ruwa yanzu, a buɗe in gani? Akwai raga a taga? Akwai mashaya a harabar? Masallaci mafi kusa yana ina? Ta ɗaga zanen gado ta duba katifa, sannan ta ce in biya na kwana ɗaya tukuna.

Ranar farko: gidajen tarihi

Ka fara da Gidan Tarihin Badagry, wanda ke cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, shekarar da garin ya shiga hannun Ingila. Shi ne zai ba ka labarin a jere, daga zuwan Turawan Fotugal har zuwa hana cinikin bayi. Ingila ta haramta cinikin a 1807, sarakunan Badagry suka sa hannu a yarjejeniyar dainawa a 1852, amma tsakanin doka da dainawa an ɗauki shekaru ana yi a ɓoye. In ka fara da nan, sauran wuraren za su zauna maka daidai a kai.

Daga nan sai benen mishan na CMS, ƙungiyar masu wa'azin cocin Ingila, da aka kammala a 1845, inda za a nuna maka ɗakin Samuel Ajayi Crowther, limamin cocin da ya yi aikin fassara Baibul zuwa Yarabanci, da tsohon Baibul ɗin na Yarabanci. Ɗan jagora zai ce maka shi ne bene na farko a Najeriya. A nan na kasa haƙuri, na ce masa ya dai ce na farko a irin ginin Turawa, domin hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina ɗaruruwan shekaru kafin nan, mu ma a Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya riga ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a. Ummi ta ja mini hannun riga, "Baba, don Allah." Mutumin ya yi murmushi ya ci gaba da bayaninsa. Ka hau benen dai, matakalar katako ce, daga sama kana hango ruwa. Ba nisa da nan akwai alamar da aka kafa a gurbin bishiyar Agia, inda aka fara wa'azin Kirista a 1842.

Wurare biyu ne suka fi tsaya mini a rai, kuma su ne nake so ka ba su lokaci. Na farko ɗan ƙaramin gidan tarihin iyalan Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari na ainihi: na wuya, na ƙafa, da ƙanana na yara, da wani ƙarfe da ake datse leɓe da shi. Sukan bari ka ɗaga. Na ɗaga ta wuya da hannu biyu, na ajiye ba shiri. Na biyu shi ne gidan Seriki Williams Abass, mai ɗakuna arba'in da ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ɗakunan ƙanana ne, da 'yar kafa ɗaya a can sama, masu jagora kuma za su ce maka mutum arba'in ake cusawa a kowanne. Shi kansa Seriki Abass an taɓa bautar da shi, ya dawo ya zama dillalin bayi, Musulmi ne, ya riƙe sarautar shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. Sunan sarautar ma, Seriki, ka ji daga inda ya samo asali.

Ka shirya wa yaranka wannan tun a masauki. Ni ban yi ba, sai a cikin ɗakin nan mai duhu Abba ya tambaye ni, "Baba, su waye suka kawo su nan?" Amsa mai sauƙi ita ce Turawa. Amma Turawa a bakin ruwa suke tsayawa da jiragensu, masu kamowa da masu korowa daga cikin ƙasa namu ne, kuma ɗan Zazzau da ya san ma'anar kalmar rinji, wato ƙauyen bayi manoma, bai kamata ya yi kamar labarin wasu ne can ba. Ta ɗaya gefen kuma, cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa. A Bahia ta ƙasar Barazil Hausawa sun shirya tawaye a 1807, sun sake tashi a 1814, sannan a boren Musulmi na 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kama. Wato wani almajiri da ya yi karatun allo irin wanda Abba ke yi ya ƙare rayuwarsa a gonar rake a wata duniya. Haka na gaya masa, da kalmomin da zai gane. Ya yi shiru har muka fito.

In da sauran ƙarfi ka ƙarasa Vlekete, tsohuwar kasuwar bayi. In babu, a koma masauki a huta. Kada ka haɗa gidajen tarihi da tsallaka ruwa a rana ɗaya.

Rana ta biyu: Gberefu

Abin da kake gani daga Marina ba teku ba ne, ruwan tafki ne da ya raba garin da tsibirin Gberefu. Tekun yana bayan tsibirin. Kwalekwale mai inji zai tsallaka da kai cikin 'yan mintuna. Ka daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun kafin a shiga, ka karɓi lambar wayar mai jirgin, kuma kada kowa ya shiga sai da rigar kariya a jikinsa, a ɗaure. In an ce babu ta yara, a jira wani jirgin. Mu 'yan tudu ne, ba abin kunya ba ne.

A tafi da sassafe, kafin ƙarfe tara. Daga inda aka sauke ka zuwa bakin teku tafiyar ƙafa ce ta kusan rabin awa a cikin rairayi, kuma inuwa ba ta da yawa. A ɗauki ruwan sha, lema ko malafa, da silifas, takalmi sau-ciki zai cika da yashi. Wani lokaci akan sami 'yan acaɓa, ga mai ciwon gwiwa. Amma in kana da lafiya ka taka, domin ita ce hanyar da aka bi da bayin zuwa jirgi. A tsakiya akwai wata rijiya da ake cewa ana tilasta musu shan ruwanta don su manta gida. Ƙarshen hanyar shi ne wurin da ake kira inda ba a dawowa, an kafa masa alama.

Tun kafin ka ga tekun za ka ji shi, wani irin gurnani kamar hadarin Agusta yana tasowa daga gabas, sai dai shi ba ya yankewa. Da muka hau 'yar tudun yashi ta ƙarshe ya bayyana gaba ɗaya, Maman Ummi ta tsaya cak tana ta "Subhanallahi". Ni kuwa da na shekara goma sha ina bayaninsa, ban sami abin cewa ba. Na tsoma hannu na ɗanɗana, kamar yaro.

To, a nan ne za ka zama mai tsanani. Tekun wannan gaɓa yana da ja ta ƙasa: igiyar ta zo ta mare ka, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a rafin ƙauyensu bai iya wannan ba. Dokata ita ce ruwa kada ya wuce idon sawu, hannun Abba yana cikin nawa, kuma ba mai juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Mata su lura da hijabi da zane, in sun jiƙe nauyi suke yi. A zo da kayan canji a leda.

Rana ta uku ka bar ta ba tsari. Mu kasuwar Agbalata muka shiga da safe, da yamma muka zauna a bakin Marina muna kallon kwalekwale. Za a yi ta kwaɗaita maka tsallaka Seme ka leƙa Kwatano tunda ga ta nan kusa. In ba ka zo da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara ba, ka bar wa wata shekarar.

Ci da salla

Kifi shi ne abincin garin, ɗanye da banda, sai kaguwa da jatan lande ga mai sha'awa, da teba da amala da shinkafa. Kwakwa kuwa ko'ina, a fasa maka ɗanya ka sha ruwan ka kankare naman. Akwai Musulmi da yawa da masallatai, amma gari ne na addinai daban-daban, don haka in za ka ci nama ka tambaya, ko ka tsaya a kan kifi ka huta. Barkononsu ba irin namu ba ne, a ce a rage wa yara. Mai shayi da mai tsire ɗan arewa ba ka rasa shi wajen shataletale, kuma shi ne zai gaya maka gaskiyar kuɗin acaɓa da inda ake sayar da tuwo. In dare ya yi ka ji ana sanarwar fitowar Zangbeto, dodon gargajiyar Egun mai rigar ciyawa da ke gadin gari, ka bi abin da mutanen masaukinka suka ce, kada ka fita kallo ko ɗaukar hoto sai da izini.

Lokacin salla yana bayan na Zariya da kusan minti ashirin a azahar, saboda garin ya fi mu yamma, don haka ka bi kiran sallar wurin ko ka sabunta manhajar wayarka. Kasaru kuwa, a Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ta yanke, mai kwana uku yana nan a matsayin matafiyi.

Tsaraba: man kwakwa, alewar kwakwa, busasshen kifi a naɗe shi da kyau saboda wari a mota, tabarma, da sarƙar wuri ta 'yan mata. Kada ka sayi shinkafar waje ko da an karya maka farashi, shingayen da ka wuto suna nan suna jiranka, kuma a dawowa sun fi bincike.

Inna kuwa, gorar ruwa guda Abba ya cika mata daga tekun, ya riƙe ta a cinya tun daga Mile 2 har Kwangila. Ta karɓa, ta jijjiga, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta yamutse fuska. "Wannan ai kanwa ce da gishiri. A kan wannan kuka kashe adashi?" Gorar tana nan a saman kabad ɗinta, kusa da ta zamzam, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai an sauko da ita an ba ta ta ɗanɗana.